Ta ina ake gano taron masu daina shan giya a kusa da mutum?

Yaya_Babba ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Ƙanina ya yanke shawarar daina shan giya, da bakinsa ya faɗa, kuma ya ce yana son ya riƙa zama da mutanen da suka taɓa shiga irin halinsa suka fita, ba nasihar 'yan gida kaɗai ba. Kullum yake sha, kuma in ya tashi da safe hannunsa na karkarwa, sai ya ɗan kurɓa sannan yake daidaita. Ta ina ake gano inda irin wannan taro yake a kusa da mu? Ana biyan kuɗi ko yin rajista? Zan iya raka shi har ciki? Sannan yaya batun rufin asiri, don shi ne abin da ya fi jin tsoro.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙarfafa masa gwiwa, kai kuma Allah ya saka maka da alheri.

Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wato AA. An fara ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gane cewa in ɗayansu yana riƙe da ɗan'uwansa, shi ma yana samun kuɓuta daga kwalba. Yau tana cikin ƙasashe kusan 180, don haka da ita ya kamata ku fara nema.

A shafinsu na intanet, aa.org, akwai wurin da za ka zaɓi ƙasa ya nuna maka ofishin da ke kula da yankin. Akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide, kyauta ce, alamarta farar kujera a kan shuɗi. Tana jero taruka gwargwadon kusancinsu da kai, da rana da lokaci. Sai dai ka san wani abu game da ita: abin da ofisoshin yanki suka ɗora mata kaɗai take nunawa. In ta nuna maka babu komai, hakan bai tabbatar da babu taro a garinku ba, wataƙila dai ba wanda ya shigar da shi. A nan sai ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin da ke kusa, ko cibiyar da ke kula da masu shaye-shaye, ka nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a ko nas mai kula da sashen. Su ne ke tura majinyata idan an sallame su, saboda haka su suka fi sanin ƙungiyar da ke raye da wadda ta watse. Wasu tarukan ma a cikin asibitin ake yin su.

Duk jadawalin da ka samu, kada ku kama hanya sai kun kira lambar da ke jiki. 'Yan sa-kai ne ke sabunta waɗannan bayanai, kuma yakan faru taro ya sauya wuri ko rana, shafi ya yi watanni bai sani ba. Babu abin da ke karya zuciyar sabon zuwa kamar ya tattaro ƙarfin halinsa ya je ya tarar da ƙofa a kulle. Da yawa daga nan ba sa sake gwadawa. Wanda zai ɗauki wayar ɗan ƙungiya ne mai nasa aikin, in bai ɗauka ba ka bar saƙo ka sake kira da yamma. Ka tambaye shi ko har yanzu ana zama a wannan rana, da wane harshe ake yi, kuma ta wace ƙofa ake shiga. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin galibi ɗaki ne aka kama haya a bayan wani gini, babu allo a gaba. Ka kuma roƙi wani ya tarye shi a bakin ƙofa. Abin da suka saba yi ne, ba nauyi kuka ɗora musu ba.

Batun raka shi: duba harafin da ke gefen sunan taron. O na nufin buɗaɗɗen taro, kowa na iya shiga, har dangi, amma ku da ba mashaya ba sauraro ne naku. C na nufin rufaffe, na masu son daina sha ne kaɗai. M na maza zalla, W na mata zalla. Shawarata ka raka shi buɗaɗɗe sau ɗaya ko biyu, sannan ka ja baya. Akwai maganganun da ƙani ba zai iya faɗa a gaban yayansa ba, kuma su ne ya fi buƙatar furtawa.

Ba rajista, ba kuɗin shiga, ba sa hannu a takarda. Sharaɗi ɗaya ne: mutum yana son ya daina sha. Ana zagayawa da ɗan kwando don kuɗin hayar ɗaki da littattafai, wanda ya ga dama ya saka, kuma ba a sa ran sabon zuwa ya saka komai. Sunan farko kawai ake faɗa. Yawanci awa ɗaya ake yi, wasu awa ɗaya da rabi. Ana buɗewa da ɗan karatu, sai ko dai mutum ɗaya ya ba da labarinsa, ko a ɗauki wani batu kowa ya yi magana bi da bi, ko a karanta wani sashe na babban littafinsu da aka fara bugawa a 1939. Ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa faɗa. In zagaye ya zo kansa, ya isa ya ce yau sauraro ya zo yi.

Ya je da minti 15 kafin a fara, ya tsaya minti 15 bayan an tashi. Idan shugaban zama ya tambaya ko akwai sabon zuwa, ya ɗaga hannu. Kada ya bar wurin sai da lambar wayar mutum biyu ko uku. Taro awa ɗaya ne, sha'awar giya kuwa ba ta duba jadawali, takan zo da tsakar dare ko ranar da aka yi albashi, kuma lambobin nan su ne abin da zai kama a lokacin.

Nas_Mai_Dare ta amsa:

Malam Yaya_Babba, duk abin da aka faɗa maka a sama daidai ne, amma akwai magana ɗaya a tambayarka da dole a fara da ita: karkarwar hannu da safe wadda ba ta lafawa sai ya sha. Wannan alama ce jikinsa ya dogara da giyar. Mutum irin wannan bai kamata ya daina rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba. Dainawa kwatsam na iya kashe shi.

Ga dalili. Giya na danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa in ta daɗe ana danne ta sai ta ƙara wuta don ta daidaita. In aka janye giyar kwatsam, wutar nan ba abin da ke tare ta. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara ganin karkarwa, zufa, tashin zuciya, fargaba, bugun zuciya da rashin barci. Jijjiga irin ta farfaɗiya galibi cikin awa 48 na farko take zuwa. Mafi haɗari shi ne abin da likitoci ke kira delirium tremens, wanda yakan bayyana daga kwana 2 zuwa 4: mutum ya rikice bai san inda yake ba, yana gane-gane, ga zazzaɓi da hawan jini. Abin da ke yaudarar dangi shi ne ya wuce rana ta farko lafiya, su saki jiki, alhali ba a kai wurin haɗarin ba tukuna. Kuma duk wanda ya sha daina sha yana komawa, ko ya taɓa jijjiga a baya, nasa yakan fi tsanani a karo na gaba.

Saboda haka ku ga likita cikin yau ko gobe. Ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha a rana, kada ya rage don kunya, domin da wannan lissafin za a auna maganinsa. Ya faɗi lokacin shansa na ƙarshe, ko ya taɓa jijjiga, ko yana da ciwon hanta ko ciwon suga, da duk wata ƙwaya da yake sha. Likita zai yanke ko a gida za a yi ko sai an kwantar da shi. Galibi ana ba da diazepam ko chlordiazepoxide ana ragewa a hankali cikin kamar mako guda, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, domin mashaya na yawan rasa shi. Kada ku sayi waɗannan ƙwayoyi da kanku. In suka haɗu da giya suna iya tsayar da numfashi, kuma su ma ana kamuwa da su.

Kafin ganin likitan, kada ku zubar masa da duk abin da yake da shi, kada kuma ku kulle shi a ɗaki. Na san wannan magana tana da nauyi a kunnen ɗan'uwa, amma tsayawa kwatsam ita ce haɗarin. In kun ga jijjiga, ko ruɗewa, ko gane-gane, ko amai da ya ƙi tsayawa, ku kai shi sashen gaggawa nan take.

Wannan bai hana shi fara zuwa taro yanzu ba. Ba a ce sai ya daina sannan ya zo ba. Amma mutanen taro ba ma'aikatan lafiya ba ne, su da kansu suna faɗin haka.

Yaya_Babba ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malama, za mu fara da asibiti. Na duba manhajar, taro ɗaya ta nuna, yana da nisa, kuma a zauren wata majami'a ake yi. Ƙanin nawa yana tambaya ko wani addini za a cusa masa. Kuma in ya haɗu da wanda ya san shi fa?

Mai_Lura ya amsa:

Tambayar tana kan hanya, ɗan'uwa. Kasancewar taro a ginin ibada ba ya nufin na masu ginin ne. Haya ake kamawa, kuma ƙa'idar AA ta hana ƙungiya jingina da kowane addini, jam'iyya ko hukuma. To amma kada a ɓoye maka: matakai 12 da 'yan AA ke bi don dainawa suna maganar miƙa lamari ga wani Iko da ya fi ƙarfin mutum, suna cewa Ubangiji kamar yadda kowa ya fahimce shi, kuma wasu ƙungiyoyin na rufe zama da addu'ar da ta fito daga Kiristanci. Ba dole ba ne ya bi, yana iya yin shiru ko ya yi tasa a zuci, ba mai tuhumarsa. Wasu wannan ya ishe su, wasu kuma hankalinsu ba ya kwanciya, kuma ba laifi ba ne.

Akwai wasu ƙofofin. Millati Islami, wadda aka kafa a 1989 a Baltimore ta Amurka, ta ɗauki tsarin matakai 12 ta gina shi a kan koyarwar Musulunci. Celebrate Recovery, daga 1991, ta Kiristoci ce. SMART Recovery, daga 1994, ba ruwanta da maganar addini: wanda aka horar ne ke jagorantar zama, ana tattaunawa kai tsaye, ana koyon yadda mutum zai ƙarfafa niyyarsa, ya jure sha'awa in ta taso, ya gyara tunanin da ke kai shi ga sha, ya daidaita rayuwarsa. Har rubutu ake yi, misali a raba takarda gida huɗu a jera amfanin sha da illarsa, da amfanin dainawa da wahalarsa. Women for Sobriety, daga 1975, ta mata ce zalla. Gaskiyar magana, waɗannan duka ba su kai AA yawan rassa ba, don haka a wurare da dama ta intanet kaɗai za ku same su.

Taron intanet ba abin rainawa ba ne, musamman ga wanda na ido-da-ido ya yi masa nisa. Shafin Online Intergroup na AA yana jero taruka dare da rana, yawanci ta Zoom. Kuskuren da aka fi yi shi ne na lokaci: a ga an rubuta ƙarfe 7, ashe agogon wata ƙasa ne. Ya tabbatar shafin yana nuna agogon inda yake. Kafin ya shiga, ya sauya sunan da ke bayyana ya bar na farko kawai, ya cire hotonsa, domin manhajar takan ɗauko cikakken suna daga asusunsa. Yana iya kashe kyamara, wannan ma zai rage cin data, ko da yake wasu ƙungiyoyin na neman a buɗe ta na ɗan lokaci don tsare zama daga masu kutse. Ya sa abin sauraro a kunne, saboda sirrin sauran mutane ma amana ne a wuyansa. Zaurukan WhatsApp kuwa suna nuna lambar kowa ga kowa, ya san da haka kafin ya yarda a saka shi.

In ya haɗu da idon sani, abin da ya kawo shi ne ya kawo wancan, kuma shi ma yana son a rufa masa asiri. Al'adar ita ce wanda ka gani da abin da ka ji a ɗakin, a nan suke tsayawa. In kun haɗu a waje, kada ka ambaci inda kuka san juna. Sai dai wannan alkawari ne na mutunci, ba doka ce ke tsare shi ba kamar sirrin likita. Don haka abin da zai iya jawo masa shari'a ko rasa aiki, kada ya baje shi a gaban jama'a, ya ajiye wa likitansa ko mutum ɗaya da ya amince da shi.

Abin da na fi ganin yana ɗorewa shi ne haɗawa: na nesan sau ɗaya a mako ko a mako biyu, na intanet a sauran ranaku. In daga baya ya samu mutum ɗaya ko biyu a kusa masu irin niyyarsa, ƙa'idar AA ta yarda mashaya biyu ko uku da suka taru don neman dainawa su kira kansu ƙungiya, matuƙar ba su jingina da wata hukuma ba. Abin da ke raya sabuwar ƙungiya shi ne rana ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, a buɗe ƙofa ko ba wanda ya zo. Amma wannan ba aikin watanninsa na farko ba ne.

Tsohon_Hannu ya amsa:

Na yarda da Malam Mai_Lura, sai dai zan ƙara jaddada cewa kada nisa ya sa a yi watsi da na ido-da-ido. A intanet mutum na iya kashe kyamara ya ɓace ba wanda ya lura. A ɗaki kuwa, in kujerarsa ta zauna ba kowa mako biyu, wani zai kira shi.

Kada ya yanke hukunci da taro ɗaya. Kowace ƙungiya cin gashin kanta take yi, wata tana da fara'a, wata mutum ɗaya ne ya mamaye ta da surutu. Ya gwada kamar shida, a ranaku daban-daban, kafin ya ce abin bai karɓe shi ba. Ƙungiya mai lafiya za ka ga ana farawa a kan lokaci, akwai waɗanda suka shekara da shekaru ba su sha ba tare da sababbi, ana karɓa-karɓar shugabanci, ana faɗin inda kuɗin kwando ya tafi, kuma maganar yadda ake zama ba sha ta fi hirar daɗin shan da aka yi a baya yawa. In aka nemi kuɗin shiga, ko ana tallar wani magani ko wata cibiya, ko mutum ɗaya ya zama shi ne wuƙa shi ne nama, to ya nemi wata. Duk wurin da ake tsare mutum a hana shi fita, ko ake dukansa da sunan gyara, ba taron taimakon juna ba ne ko da wane suna aka sa masa.

Bayan 'yan makonni zai buƙaci jagora, wato ɗan ƙungiya da zai bi da shi cikin matakan kuma ya riƙa kiransa. Ya zaɓi wanda ya kai aƙalla shekara guda bai sha ba, ya bi matakan da kansa, kuma yana ɗaukar waya. Yana iya cewa na wucin gadi yake so, yana kuma iya sauyawa ba tare da gaba ba. An saba namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace. 'Yan'uwa mata da ke karanta wannan, dalilin shi ne akan samu masu fakewa da taimako su nemi sabuwar zuwa a lokacin da take da rauni. In kin ga haka, ki faɗa wa wata daɗaɗɗiya a ƙungiyar, ko ki koma taron mata. Haka nan kada bashi ya shiga tsakanin jagora da wanda yake jagoranta.

Zai ji ana cewa taro 90 cikin kwana 90. Shawara ce, ba sharaɗi ba. Hikimarta ita ce a cike lokacin da ya saba sha, don haka ya zaɓi taron da ya faɗo daidai wannan lokacin. Ga mai tambayar ko abin yana aiki: nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2020, wanda ya haɗa bincike 27 da mutane sama da 10,000, ya nuna shirye-shiryen asibiti da ke haɗa majinyaci da AA bisa tsari sun fi wasu sanannun hanyoyin jinya kai mutane ga dainawa gaba ɗaya. Ka lura, haɗawa bisa tsari aka ce, ba a miƙa wa mutum adireshi a ce ya je ba. Shi ya sa nake nanata kiran waya da tarya a bakin ƙofa.

Kai ma akwai naka taron. Al-Anon, tun 1951, ta dangin mashaya ce, kuma tana da nata jadawalin da tarukan intanet. A can ake koyon bambancin taimako da rufa wa sha baya, kamar biya masa bashin giya ko yi masa ƙarya a wurin aiki. Kuma kada ka riƙa tambayar ƙanin naka wa ya gani ko me aka ce a taronsu.

Nas_Mai_Dare ta amsa:

Ƙari kaɗan kan magani. Bayan an wuce makon farko, ku tambayi likita game da naltrexone ko acamprosate, waɗanda ke taimakawa wajen rage sha'awa da komawa sha. Akwai kuma disulfiram, mai sa mutum ya galabaita in ya taɓa giya, wanda ba a ba kowa ba, kuma haramun ne a zuba wa mutum shi a ɓoye, don yana iya halaka shi. Shan waɗannan bai saɓa wa zuwa taro ba. In wani a taro ya ce masa ya ajiye maganinsa, musamman na ciwon damuwa ko na farfaɗiya, kada ya saurare shi. AA kanta ta rubuta cewa ɗan ƙungiya ba zai mai da kansa likita ba.

In ya zame ya sha, ya koma taro washegari, ba a korar kowa don haka. Ya kira ɗaya daga cikin lambobin nan tun kafin kunya ta hana shi. Ku kuma sani cewa bayan makonni ba sha, jikinsa ba zai ɗauki adadin da ya saba ba, don haka in kun same shi a buge yana barci, ku kwantar da shi a gefensa, ba rigingine ba, kada ya shaƙe da amai, kuma kada a bar shi shi kaɗai. In kun tashe shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa, asibiti nan take. In kuma ya koma shan kullum na kwanaki, sake dainawar ma sai ta hannun likita.